Tsakanin 'yan tseren jirgi da masu dakon wasiƙa, wa ya share wa jirgin sama hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina koyon tuƙin jirgi a Zariya. Gardama muke da abokaina. Wasu sun ce 'yan tseren jirgi na zamanin farko su ne suka kawo harkar jirgin sama inda take a yau, wasu sun ce masu ɗaukar wasiƙu ne. Ni ban ma gane dalilin da zai sa mutum ya sayar da ransa saboda takarda ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sa kullum a sauka lafiya. Na daɗe ina koyar da darasin sanin hanya a sama, kuma da wuya a yi aji wannan gardama ba ta taso ba. Ni ina bayan masu cewa 'yan wasiƙa ne. Sai dai kada ka yi saurin zuwa ka yi wa abokanka dariya, don su ma ba da ka suke magana ba. Bari in fara ba su haƙƙinsu.

A watan Agustan 1909, ba a cika shekara shida ba da tashin 'yan'uwan nan biyu Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji, aka yi taron mako guda kusa da birnin Reims na Faransa. Masu kamfanonin giyar yankin ne suka zuba kuɗin, jama'a kuma suka yi dafifi, galibinsu ranar suka fara ganin jirgi da idonsu. Babbar gasar zagaye biyu ce, kowanne kilomita 10. Ba'amurke Glenn Curtiss ya gama cikin minti 15 da sakan 50, ya riga Louis Blériot da abin da bai kai sakan 6 ba, alhali Blériot ɗin ne wata guda kafin nan ya tsallaka tekun da ya raba Faransa da Ingila. Gudun da ya ci kofin wajen kilomita 75 ne a awa. Direban hayis na Kano zuwa Zariya ko kallo ba zai ishe shi ba.

Jaridu ma sun hango ciniki. Jaridar Daily Mail ta Ingila ta sa fam 10,000 ga wanda ya fara tashi daga Landan ya kai Manchester, Bafaranshe Louis Paulhan ya cinye a 1910. Abin yana cin rai, har na 'yan kallo: a wajen tashin tseren Paris zuwa Madrid a watan Mayun 1911 wani jirgi ya afka cikin manyan baƙi, ya kashe ministan yaƙin Faransa Maurice Berteaux, ya ji wa firaminista rauni. Ba a fasa tseren ba.

Babbar hujjar abokanka ita ce kofin Schneider, na jiragen da ke tashi daga kan ruwa. A 1913 an ci shi a Monako da gudun kilomita 73 a awa. A 1931 jirgin Ingila Supermarine S.6B ya ci shi da 547. Shekara 18 ke nan, gudu ya ninka fiye da sau bakwai. Za ka yi mamakin yadda jirgi mai jan kwale-kwale biyu a ƙarƙashinsa ya fi na tudu sauri. Dalilin kuwa shi ne a lokacin farfela ba ta sauya kusurwa, fiffiken tsere kuma ƙarami ne, saboda haka jirgin yana buƙatar doguwar tazara kafin ya ɗaga da kuma bayan ya sauka, ba filin da ya kai wannan tsawo sai teku. A wannan gasa aka koyi matse wa inji iska, da haɗa man da zai jure matsi, da sanyaya inji ta fatar fiffike don kada lagireto ya tare iska. R. J. Mitchell da ya zana S.6B shi ne ya zana Spitfire, shahararren jirgin yaƙin Ingila, kamfanin Rolls-Royce kuma ya ɗauki darasin injin tseren ya zuba a wanda ya biyo baya. Wannan ba abin musu ba ne.

To amma dubi irin abin da tsere yake nema. Rana guda, wadda idan gari ya ɓaci a ɗage ta. Hanya gajera da aka kafa wa alamu. Injin da aka gina don ya yi 'yan awoyi a kwance shi. Dokin sukuwa ke nan. Duk kyansa, ba madugun da zai ɗora masa gishiri daga Bilma. Fasinja kuwa abin da yake saye shi ne alkawari: jirgi zai tashi ƙarfe bakwai ran Talata, da damina da hunturu, ya kai inda aka ce. Masu wasiƙa ne suka fara ɗaukar wannan alkawari, kuma su suka biya kuɗinsa.

Ka ce me ya sa takarda. Jirgin lokacin abin da zai iya ɗauka bai wuce nauyin mutum biyu ko uku ba, masu kuɗin da za su iya biya kuma suna tsoron hawa, suna da gaskiya. Wasiƙa ba ta da nauyi, ba ta amai, ba ta jin sanyi, ba ta da magada da za su kai ƙara. Darajarta tana cikin lokaci: cakin banki da ya iso kwana biyu da wuri kuɗi ne a hannun mai shi. Uwa uba, gwamnati ce ke biya. Shi ya sa tun ranar 18 ga Fabrairun 1911, a Indiya, wani matashin Bafaranshe Henri Pequet ya ɗauki wasiƙu wajen 6,500 daga Allahabad ya tsallaka kogi da su zuwa Naini, tafiyar kilomita 10. Wancan dai na nishaɗin baje koli ne. Aikin gaske a Amurka da Faransa aka yi shi bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da jiragen soja suka yi kwantai, matuƙa kuma suka rasa aikin yi.

Ranar da Amurka ta buɗe layinta, 15 ga Mayun 1918, ta cancanci a tsaya a kanta. An taru a wani fili a Washington, shugaban ƙasa Woodrow Wilson da matarsa suna tsaye, an loda buhunan wasiƙu. Bakanike ya juya farfela, injin ya yi tari ya mutu. Aka sake, aka sake. Sai daga baya wani ya leƙa tanki ya tarar ba a zuba mai ba. Matuƙin, Laftanar George Boyle, sabon hannu ne da bai daɗe da gama makaranta ba, amma yana da uwa a gindin murhu, 'yar wani babban jami'in gwamnati yake nema. Aka ce ya bi layin dogo arewa zuwa Philadelphia. Ya tashi, ya kama wani layin daban, ya nausa kudu, ya sauka a gona kusa da Waldorf a jihar Maryland, jirgin ya kife, farfela ta karye. A mota aka dawo da wasiƙun Washington. Da aka sake ba shi dama, aka ce ya riƙe gaɓar ruwa a gefe guda, ya riƙe ta da gaskiya har sai da ƙasa ta ƙare masa a Cape Charles. Ko kan sarkin da aka buga don bikin, na santi 24, an sami takarda guda mai ɗauke da 100 da jirgin ya fito a kife. An taɓa sayar da ƙwaya ɗaya a kan sama da dala miliyan.

Muna dariyar Boyle a aji, amma nakan ce wa ɗalibai su cire duk na'urar da ke gabansu su bar kamfas mai rawa da taswirar mota, sannan su yi dariyar. Ba rediyo, ba hasashen yanayi na kirki, ba na'urar da ke nuna maka ko a daidai kake. Kai ka sani, da zarar ka shiga gajimare ka daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, kunnenka na ciki zai fara yi maka ƙarya. Jirgi ya karkata a hankali, jikinka ya ce lafiya lau. Ka ga kana yin ƙasa, ka ja sandar tuƙi, juyin ya ƙara matsewa, sai a tsinci tarkace. Saboda haka matuƙan nan ƙarƙashin gajimare suke bi, wani lokaci daf da kan itatuwa, ido a kan layin dogo. Tsakanin New York da Cleveland kuwa akwai duwatsun Allegheny, dogayen tuddai jere da juna waɗanda hazo ke kwanciya a kansu. Nan ne ya fi cin mutane.

Ma'aikatar gidan waya ta karɓi aikin daga soja a watan Agustan 1918, ƙarƙashin Otto Praeger, tsohon ɗan jarida wanda bai iya tuƙi ba. Shi dai lissafinsa ɗaya ne, wasiƙa ta tashi kan lokaci don kada majalisa ta yanke kuɗi. A watan Yulin 1919 aka umarci Leon Smith ya tashi cikin hazon da ba a ganin ƙarshen fili, ya ƙi. Aka juya kan E. Hamilton Lee, shi ma ya ƙi. Aka kore su, sauran matuƙa suka shiga yajin aiki. Sulhun da aka yi shi ne manajan fili ne zai yanke hukunci a wurin, ba wani da ke zaune a ofis a Washington ba, kuma idan ya nace sai an tashi, to ya hau ya zagaya ya gani da idonsa. An mayar da Lee, ba a mayar da Smith ba. Duk ranar da ka zama kyaftin ka ce ba za ka tashi ba saboda yanayi, kuma ba wanda ya isa ya tilasta ka, ka san daga inda aka faro wannan faɗa. Cikin shekara tara da gidan waya ya yi yana gudanar da layin, matuƙa sama da 30 suka mutu. A ganina da yawansu ba ilimi aka saya da ransu ba, taurin kan shugabanni ne kawai.

Matsalar da ta fi damunsu dare ne. An buɗe layin New York zuwa San Francisco a watan Satumban 1920, amma da magariba sai a sauke buhuna a zuba a jirgin ƙasa, da safe a mayar. Ribar lokacin ba ta taka kara ta karya ba, sabuwar gwamnati kuma tana shirin rufe aikin. Sai aka shirya gwaji ranar 22 ga Fabrairun 1921, tsakiyar hunturu: jirage biyu daga gabas, biyu daga yamma, dare da rana. Na gabas duka yanayi ya tsayar da su. Ɗaya na yamma ya faɗi a Elko, matuƙinsa William Lewis ya mutu. Saura buhunan jirgi ɗaya, suka iso North Platte a jihar Nebraska hannun Jack Knight, wanda hancinsa ke ɗaure da filasta saboda haɗarin da ya yi kwanaki kaɗan kafin nan.

Ya tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura na dare. Manoma da mutanen garuruwa sun hura wuta a kan hanya, yana bin ta ɗaya bayan ɗaya, har ya sauka Omaha bayan ƙarfe ɗaya. Nan aikinsa ya ƙare, sai dai wanda zai karɓe shi bai iso ba. Knight bai taɓa bin hanyar Chicago ba ko da rana. Ya sha kofi, ya cusa jaridu cikin rigarsa saboda sanyi, ya karɓi taswirar mota da tocila ya koma. Gaba ba wuta, don kowa ya ɗauka an fasa. A Des Moines dusar ƙanƙara ta hana shi sauka. A Iowa City ma'aikata sun tafi gida, mai ya kusa ƙarewa, yana ta kewaya gari cikin duhu, sai mai gadin filin ya ji ƙarar inji ya fito da gudu ya kunna masa wutar alama. Ya sha mai, ya tashi, ya sauka Chicago ƙarfe tara saura minti ashirin na safe. Wasu suka ƙarasa da buhunan New York. Awa 33 da minti 20 daga teku zuwa teku, majalisa kuma ta saki dala miliyan 1.25.

Jarumtar Knight ba ita ce ta fi burge ni ba, abin da aka yi da ita ne. Ba a ce kowa ya zama Knight ba. Aka kafa hasumiyoyi masu fitila mai juyawa kusan kowane mil 10, da filayen saukar gaggawa, da tashoshin rediyo masu aika labarin yanayi, daga baya har da manyan kibiyoyin siminti a ƙasa masu nuna hasumiya ta gaba, waɗanda wasunsu suna nan har yau a dajin yammacin Amurka. Daga 1 ga Yulin 1924 tafiyar dare ta zama aikin kullum. Wannan ita ce hanyar sama ta farko da za a kira hanya. Kuma taswirar sauka da kuke haddacewa mai sunan Jeppesen, sunan wani mai dakon wasiƙa ne. Elrey Jeppesen ya gaji da binne abokai, ya sayi ɗan littafin aljihu na santi 10, yana rubuta tsawon kowane fili, da gangarensa, da inda wayar lantarki take, da lambar tarhon manomin da za a tambaya ko akwai hazo. Ranar hutu yakan hau tudu ko dogon bututun hayaƙi da na'urar auna bisa ya rubuta. Abokan aiki suka dame shi da aro, a 1934 ya fara bugawa yana sayarwa dala 10.

Faransawa nasu ya fi kusa da mu. Pierre-Georges Latécoère ya fara daga Toulouse a ƙarshen 1918, ya kai Kasabalanka a 1919, Dakar a 1925. Mai kula da matuƙansa Didier Daurat ne, mutum marar wasa. Da Jean Mermoz ya zo gwajin neman aiki a 1924 sai ya hau ya yi ta alkafura a sama don ya burge. Ya sauko yana jiran yabo, Daurat ya ce masa nan ba 'yan wasa ake nema ba, ya sake hawa ya yi tafiyar hankali, sannan ya tura shi wankin inji tare da kanikawa. Amsar tambayarka kusan duk tana cikin wannan labari. Tsakanin Agadir da Saint-Louis na Senegal hamada ce da teku, injin jirginsu ƙirar Breguet 14 kuma ba amana gare shi ba, don haka bibbiyu suke tashi, in ɗaya ya faɗi ɗaya ya sauka ya kwashe mutum da buhu. Sukan ɗauki tafinta ɗan ƙasa, ya zauna kan buhunan. Mutanen hamadar sun kama Mermoz a 1926 sai da aka biya fansa, a shekarar kuma aka kashe wasu ma'aikatan layin uku. Labaran Turawa sukan kira mutanen nan 'yan fashi. A tuna dai ƙasarsu ce ake ƙoƙarin mallakewa, kuma irin wannan jirgin ne sojan Faransa ke jefa bam da shi a arewacin Maroko a shekarun. A watan Mayun 1930 Mermoz da abokansa biyu suka tsallaka Atilantika daga Saint-Louis zuwa Natal ta Birazil cikin awa 21 da kilo 130 na wasiƙu. A cikin wannan tekun ya ɓace ranar 7 ga Disamban 1936, bayan ya taso daga Dakar.

Kada kuma ka ɗauka ƙungiyoyi biyu ne da ba sa ga maciji. Charles Lindbergh da ya ci dala 25,000 na tsallaka New York zuwa Paris a 1927, bayan neman kyautar ya ci mutum shida, mai dakon wasiƙa ne tsakanin St. Louis da Chicago, kuma sau biyu a 1926 yana dirowa da laima cikin dare saboda hazo ya rufe shi mai ya ƙare. Jimmy Doolittle kuwa ɗan tsere ne da ya ci Schneider a 1925, amma shi ne a watan Satumban 1929 ya fara tashi ya sauka a rufe ruf, da na'urori kaɗai. Maganin ciwon 'yan wasiƙa a hannun ɗan tsere ya fito. Wannan maki ne ga abokanka.

Shekarar 1934 ce ta raba gardamar sau biyu. A watan Fabrairu shugaba Roosevelt ya soke kwangilolin kamfanonin da ke dakon wasiƙa bisa zargin haɗa baki wajen rabon layuka, ya miƙa aikin ga sojan sama. Matuƙan soja gwanaye ne, sun iya faɗa da jerin gwano da rana tsaka, amma ba su saba da dare da ƙanƙara a kan jadawali ba. Cikin 'yan watanni aka yi haɗari sama da 60, mutum fiye da goma suka mutu, dole aka mayar wa kamfanoni. Waɗannan kamfanoni su ne asalin United da American da Eastern da TWA.

Na biyu a watan Oktoba, tseren Ingila zuwa Melbourne ta Ostireliya. Jirgin da ya zo na ɗaya, de Havilland Comet, don tseren aka ƙera shi, mutum biyu da tankunan mai, awa 71. Na biyu kuwa jirgin fasinja ne na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ƙirar DC-2, da fasinjoji uku da buhunan wasiƙu, yana tsayawa a tashoshin da ya saba, awa 90. A daren ƙarshe hadari ya ɓatar da shi, mutanen garin Albury suka riƙa kashe wutar gari suna kunnawa don su rubuta masa sunan garin, aka yi shela a rediyo masu motoci suka jeru a filin sukuwa suka haska masa ya sauka. Da safe da igiya suka ja shi daga taɓo. Comet guda biyar aka taɓa ƙerawa. Ƙanen DC-2, wato DC-3, an ƙera shi sama da dubu goma.

Mu ma ta wannan ƙofa jirgi ya shigo mana. A farkon Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku ƙirar DH.9A, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka taso daga Masar ta Sudan da Chadi da Maiduguri suka sauka Kano, don a gwada ko hanyar za ta biyu. Sai bayan shekara goma, a watan Fabrairun 1936, kamfanin Imperial Airways ya buɗe layin mako-mako daga Khartoum zuwa Kano, ta El Obeid da El Fasher da Geneina da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Idan ka shimfiɗa taswira za ka ga kusan hanyar da alhazanmu suka daɗe suna bi a ƙafa ce, wadda kan ci su watanni, wasu shekaru. Wasiƙu ne kayan da aka buɗe layin da su. Kafin nan takardar Landan sai ta yi kusan mako biyu a jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Ta sama kuwa kimanin mako guda. A watan Oktoban shekarar aka ƙarasa da layin Ikko.